Turaren Baba Nomau

Kwanakin baya wasu samari suka same ni a ƙarƙashin itacen bedi ina gyaran bakin amya, ɗaya daga cikinsu ya miƙo mani wayarshi har tana neman taɓa mani hanci. Wai in kalli wani Bature cikin farar riga yana zaro zuma daga akwati yana murmushi. Suka ce sun yanke shawara kiwon zuma za su shiga, tunda ƙudan zuma ba a ba su dusa, ba a kai su mashaya, ba sa shiga gonar kowa balle a kira ka gaban maigari. A rataye kwando bisa itace, a koma a sha shayi, in an kwana biyu a zo a kwashi arziki. Na ce masu madalla, ni ma da wannan tunanin na shigo. Maganar maigari kuwa, ku gyara zama ku ji.

Aikina na farko a gidan Baba Nomau tsintar kashin shanu ne. Shi ne babban mai amya a ƙauyenmu da ke gefen tafkin Madarumfa, kuma ƙanen kakana ne, shi ya sa aka kai ni wurinshi da aka ga lakwal, wato makarantar boko, ta ƙi ni, ni ma na ƙi ta. Na je da zumuɗin hawan itace, sai ya ba ni tsohuwar ƙwarya ya ce in bi bayan shanu da sassafe. Ba kowane kashi ba kuma, sai ɗanye, na saniyar da ta ci ciyawa, wanda ba a taka ba. In na kawo ya sa yatsa ya duba, ya shinshina kamar mai sayen daddawa, sau da yawa ya ce in mayar wa mai shi. Da wannan ake shafe amya bayan an saƙa ta da gamba an ɗaure da kaba, don ta tare iska da ruwa. In shafen ya yi kauri amya ta yi nauyi ta karya reshe, in bai kai ba rana ta narkar da saƙar zumar da ke ciki. Damina guda hannuna bai rabu da wari ba, ƴan matan garinmu suna gaishe ni daga nesa.

Sai da na iya saƙa da shafe sannan ya yarda na hau. Ranar ya tsaya a gindin wani gawo yana ba ni umarni, ni kuma ina sama da igiyar rama a baki, ƙaya na cin cinyata. Bakin amya ba ya kallon inda ruwa ke bugowa. Ba a ɗaure ta a reshen da ke rawa, ba a sa ta inda cinnaka ke da hanya. Na ɗaure ya ce in kwance, na kwance ya ce wa ya ce in kwance duka. Da na sauko, ya dubi amyar ya ce ba laifi, ko biri ya ɗaura haka sai a yaba mashi. Wannan shi ne yabo mafi girma da na samu daga bakinshi a shekarun farko.

Abu ɗaya ne bai koya mani ba, shi ne turare. An gaya mana tun kakanni cewa amya ba ta cika da kanta, sai an kira ƙudan. Kafin a rataye ta ana kifa ta bisa garwashi a zuba haɗi, hayaƙin ya kama cikinta. Kowane mai amya da nashi haɗin, wani ɗoɗɗoya da kaki, wani saiwar jema, wani sassaƙen itacen da ba zai faɗi sunanshi ba ko da an shaƙe shi. Baba Nomau bayan rumbu yake nashi, shi kaɗai, bayan ya aike ni ɗibar ruwa ko da randa cike take. Shi bai bar al'adar kakanninshi ba, yana zuba wa tsamiya fura kafin a hau ta, don haka mutane ke cewa akwai abin da ya wuce saiwa a cikin haɗin. Waɗanda suka fi faɗar haka su suka fi sayen zumarshi in ciwo ya kama su.

Yanzu ku saurara da kyau, don a nan labarin yake. Mu masu amya ba ma ɗibar zuma da rana. Ƙudanmu ba irin na Baturen cikin waya ba ne, in ka buɗe masu ƙofa rana tsaka za su raka ka har gida su gaisa da iyalinka. Sai duhu ya yi ake hawa da damin kara mai hayaƙi, a buɗe marfin baya, a tura hannu. Da yatsa ake gane saƙar da ta nuna, da yatsa ake gane ta ƴaƴa a bar ta, da nauyi ake gane amyar da ta cika, da kunne ake gane fushinsu. Kafin gari ya waye an sauko, mata sun karɓa sun tace. To kun ga, har zuwa lokacin na shekara da shekaru a wannan sana'a ban taɓa tsayawa na kalli ƙudan zuma guda ido da ido ba. Haka Baba, haka duk ƴan'uwanmu daga nan har Safo. Mun san su kamar yadda mutum ya san bayan kanshi, nashi ne amma bai taɓa ganinshi ba.

Masu saye kuma nasu ilimin daban ne. Kowa ya zo da gwajinshi. Wannan ya ɗiga a ruwa, wancan ya tsoma ashana ya ƙyasta, wata hajiya daga Maraɗi ta ɗiga a yashi ta zuba mashi ido tana jiran ya yi magana. Wani direba ya taɓa mayar mani da kwalba wai zumata ta yi tsabta da yawa, bai ga ko mataccen ƙuda a ciki ba. Masu dafa sukari a bakin hanyar Ɗan Issa sun riga sun gane haka, sai su tsinci matattun ƙudan su jefa a kowace kwalba. Tasu ce ke ƙarewa kafin azahar, mu masu ta gaskiya muna zaune muna rantsuwa.

Ana nan sai furoje, wato shirin tallafin manoma, ya zo da akwatuna da farar riga mai raga a fuska. Wanda ya fi kowa kwasa shi ne Alhaji Mati, tsohon mai motocin haya da ya gaji da hanya ya dawo gida neman sana'ar hutu. Ya jera akwatunanshi a garkarshi, wato lambunshi, ya shafe su da fenti, ya sa aka ɗauke shi hoto a tsakiyarsu. Ma'aikacin da furoje ya ajiye mana wani saurayi ne mai haƙuri, Mushe Lawali, wato Malam Lawali a Faransanci. Wata rana ya tara mu ya ce akwai wata kaska da ke hawan ƙudan zuma, ta shiga ɗakin ƴaƴansu ta tsotse su tun ba su fito ba, kuma ta fara bayyana a ƙasashen da ke kewaye da mu. Ya ɗaga hotonta, an ƙara mata girma ta kai faifai.

Baba Nomau ya ƙura wa hoton ido ya ce, "Mushe, wagga dabba in ta hau ƙudan zuma ai sai ta karya mashi baya."

Muka yi dariya har da riƙe ciki. Kaska ta shanu ce da karnuka, wannan kowa ya sani. Muka sha lemon da aka raba, muka watse.

Muguwar shekarar ta fara mani a kan wata kirya da ke gonar surukina. Na hau ina tsammanin amya mai nauyi, don bara ita ta fi ba ni, na taɓa ta sai na ji ta tafi a hannuna sakayau. Ba ƙara, ba harbi. Na buɗe na tarar da saƙa baƙa, ƴaƴa matattu a ciki, masu gidan sun yi ƙaura. Na ce ƙaddara ce. Kafin sati ya zagayo wasu nawa suka bi, sannan na maƙwabta, sannan akwatunan Alhaji Mati masu fenti. Yara suna cewa suna ganin ƙudan zuma suna rarrafe a ƙasa da fuka-fukai a murɗe, muka ce su yi mana shiru, manya na tunani.

Tunanin manya kuwa guda ne. A sana'armu in ƙudanka suka tashi ba a tambayar abin da ya kore su, ana tambayar wanda ya kira su. Tunda turare ke kawo su, to turaren da ya fi naka ƙarfi shi ya ɗauke su. Nan fa gari ya turnuƙe. Kowa ya koma bayan rumbu yana ƙara haɗi, masu sayar da saiwa a kasuwa suka yi sallah ba watan sallah ba. Wani ya zuba turaren ɗakin matarshi, aka yi kwana biyu ba a dafa mashi tuwo ba. Alhaji Mati ya aika har ƙetaren iyaka aka kawo mashi wani ƙulli mai tsada, ya banka a ƙarƙashin akwatunan da suka rage, ƙudan da ke da niyyar zama ma suka tattara nasu ya nasu. Ni ma na ƙona abin da na ƙona. Duk cikinmu babu wanda ya ce bari ya buɗe ya duba.

A daidai wannan lokaci amyoyin Baba Nomau suka fara cika. Ya tsufa, ba ya hawa, ni nake rataye mashi, amma hannunshi bai daina saƙa ba, don haka yana da sababbi da yawa a jere bisa gawon da ke bakin tafki. Gawo na fure, garake na kusa, ruwa ga shi nan. Yau ka ga taron ƙuda ya sauka a wannan, gobe a waccan. Mutane suna tsaye a ƙasa suna kallo, kowa na lissafin asararshi a ranshi.

Alhaji Mati ne ya fasa ƙwan a bakin kasuwa. "Jama'a, ku hwaɗa mani," in ji shi, "ƙudan da sunka tashi daga akwatina, sama sunka hau ko ƙasa ta haɗiye su? Ga su can bakin tabki suna lilo. Na gane su, nawa sun hi ƙiba, na huroje ne."

Abin dariya ne, amma ba a daɗe ana dariyar ba. Mai amya ba shi da itace. Itacen na mai gona ne, da yardarshi kake rataya, kai kuma ka kai mashi ɗanɗano in ka ɗiba. Duk itatuwan gawon da Baba ke amfani da su na mutane ne, kuma yawancin mutanen nan sun yi asarar ƙuda ko suna da ɗan'uwan da ya yi. Suka haɗa baki suka kai ƙara wurin maigari cewa a sauke amyoyin Nomau daga itatuwansu gaba ɗaya, kada a ƙara ba shi ko reshe. Baba ba shi da gonar kirki, ƴaƴanshi maza sun tafi ci-rani ba su waiwayo ba. Da zuma yake sayen hatsin da shi da tsohuwar matarshi Inna ke ci. In aka sauke amyoyin nan, an sauke tukunyar gidan ke nan. Maigari ya sa ranar kasuwa mai zuwa a zo a yi magana.

Na ruga gidanshi hankalina a tashe, na tarar da shi ya sa tsohuwar rigarshi ta saƙi wadda ba ya sawa sai biki, yana shirin fita yawo.

Na ce, "Baba, ka ji abin da ake hwaɗi? Ka hito ka ce masu ba ruwanka. Kalma guda ta ishe ka."

Ya gyara hula ya ce, "Ni ban ce na kira su ba."

"To ka hwaɗa masu haka."

"Ban kuma ce ban kira su ba. Ƙuda dai shina zuwa inda ya ji ƙamshi. Kai Iro, mi ya yi maka zahi?"

Ya fita. Ban taɓa ganin tsoho na tafiya irin wadda ya yi a kwanakin nan ba. Ya bi ta tsakiyar kasuwa a hankali, hannu a baya, mutane na darewa. Yara na nuna shi, mata na jan ƴaƴansu. Wani mutum ya zo tun daga Safo a amalanken jaki da zakara a hannu yana roƙon a sam mashi ko ɗan tokar turaren. Baba ya karɓi zakaran ya ce a dawo bayan damina. Gari na shirin raba shi da abincinshi, shi kuwa har ƙiba ya yi.

Da na rasa yadda zan yi sai na tuna da Mushe Lawali da dabbarshi mai girman faifai. Na same shi a Madarumfa na ba shi labari. Bai ce ai na gaya maku ba, ko da yake fuskarshi ta faɗa. Ya ce in samo farin faranti, man gyaɗa da busasshen ganyen taba, kuma mu buɗe amya da rana.

Wannan aikin ba zan manta da shi ba. Muka zaɓi wata tawa da ta rage a ƙasan reshe can bayan gari. Ya ara mani farar rigar, ta yi mani kaɗan, idon sawuna a waje, ƙudan kuwa ba su ɓata lokaci ba wajen gano hakan. Farantin daga jeren matata na ɗauko shi ba da saninta ba. Muka shafe shi da mai, muka sauko da amyar a hankali muka buɗe bayanta, muka tura farantin ƙarƙashin saƙa, muka busa hayaƙin taba. Jakin wani bawan Allah da ke kiwo nesa da mu ya karɓi rabonshi ya tsinke igiya. Bayan ɗan lokaci Mushe ya zaro farantin ya kai shi inuwa. Ɗige-ɗige ne jajaye sun manne a man, kowanne bai kai ƙwayar riɗi ba, suna motsa ƙafafu. Ya yanko saƙar ƴaƴa, ya sa ƙayar aduwa ya buɗe ɗaki guda ya zaro ɗan fari fat, ga jan abin nan biyu a jikinshi. Ya buɗe na gaba, haka. Na tsuguna ina kallo, idon sawuna na kumbura, kunya ta rufe ni. Abin da ya cinye mu ke nan, muna can bayan rumbu muna ƙona saiwa.

Ranar zaman, ƙofar maigari ta cika har bisa katanga. Baba Nomau ya zo da rigar saƙinshi ya zauna a gaba, ya miƙe ƙafa. Alhaji Mati ya yi jawabi mai tsawo, ya ce shi ba ya son fitina, a mayar mashi da ƙudanshi kawai, sannan a sauke amyoyin. Maigari ya juya ya ce, "Nomau, kai ka kira su?"

Baba ya yi murmushi ya ce, "Ranka shi daɗe, abin da mutum ya gada ba ya hwaɗinshi a taro."

Wuri ya ɗauki guna-guni. Na ga maigari ya fara gyaɗa kai, na san in na ƙara jinkiri an gama. Na miƙe na nemi izini, na ajiye ƙwarya biyu a gabanshi. Ɗaya saƙar ƴaƴa ce daga akwatin Alhaji na ƙarshe, wadda Mushe ya yanko da yardar mai gadin garkar, ɗaya kuma daga amyar Baba, wadda ni na yanko tunda ni nake hawa mashi. Mushe ya sa ƙaya ya dinga buɗewa yana ɗorawa a farantin. Maigari ya sa tabarau ya sunkuya. Dattawa suka matso suna ture juna, mutanen da suka shekara da shekaru suna shan harbi, yau ne suka fara ganin abin da ke cikin ɗakin ɗan zuma. Kaskar na cikin saƙar Alhaji, tana kuma cikin ta Baba, ta Baba ma ta fi yawa, tunda duk masu gudun garin can suka taru da kayansu.

Mushe ya ce ƙudan ba kiransu aka yi ba, gudu suka yi, kuma sun tafi da cutar a bayansu. Maigari ya dubi Alhaji ya ce to ga ƙudanshi nan, yaushe zai aiko a kwasa.

Alhaji ya ja da baya ya ce, "Ranka shi daɗe, ni ban ce lalle nawa ne ba. Kama ce na gani. Ƙuda ai duk kamarsu guda."

Da an tsaya a nan da komai ya yi daidai. Amma wani dattijo daga masu gona ya ce shi har yanzu bai gamsu ba. In gudu suka yi, me ya sa ba su gudu ko'ina ba sai wurin Nomau? Tambayar ta sake tada guna-gunin, aka fara cewa lalle akwai hannu. Mushe ya dube ni, na dube shi. Ni ne na buɗe baki.

Na ce, "Ranka shi daɗe, mai gudu ba ya zaɓen ɗaki. Rami suke biɗa wanda ba kowa ciki, kusa da ruwa da hure. Baba shi ke da sababbin amyoyi a bakin tabki. Ko tsohon kwando anka rataya wurin, shiga za su yi."

Sai liman ya yi gyaran murya. "Wagga magana gaskiya ce," in ji shi. "Tsohuwar lasihikar nan da ta mutu, wadda ke bisa soron masallaci, tun watan jiya ƙuda sunka cika ta. Ladan ya sha harbi sau ba adadi. Ni dai Allah shina gani ban yi mata turare ba."

Dariyar da aka yi ranar har bakin tafki an ji ta. Waɗanda ɗazu suke tsoron haɗa ido da Baba yanzu suna dafa kafaɗarshi suna cewa tsoho ka yi haƙuri, ashe ba ka iya komai ba muka zarge ka. Maigari ya yanke hukunci cewa amyoyin Nomau su zauna inda suke, kada wanda ya taɓa su. Mutumin Safo ya aiko washegari a ba shi zakaranshi. Na ji daɗi ƙwarai, na juya in kama hannun Baba in tashe shi, sai na ga ya riga ya tashi da kanshi ya bi ta bayan taro.

Aikin da ya biyo baya shi ne wanda ba a nunawa a waya. Muka koyi buɗe amya da sanyin safiya, rigar furoje guda tana yawo gida gida. Saƙar ƴaƴan da kaska ta cika a yanke a narkar. Amyar da aka gudu aka bari a sauke a babbake cikinta da wutar kara, wadda ta tsufa a ƙone ta ɗungum. Muka daina cunkusa su a itace guda. Masu akwati suka samu maganin da ake ratayawa a ciki, mu masu amya sai faranti da taba da ido. Da yawa sun mutu duk da haka, na Baba ma fiye da rabi. Zumar shekarar ba ta taka kara ta karya ba, masu dafa sukari suka ci kasuwa su kaɗai. Har yau kaskar ba ta tafi ba, zama muke da ita, kuma duk wanda ya ce maku ya raba ƙudanshi da ita har abada, ku duba kwalbarshi da kyau.

Duk tsawon wannan aiki Baba bai hana ni taɓa amyoyinshi ba, bai kuma sa mani baki ba. In na gaishe shi ya amsa, in na ba shi labari ya ce to. Rigar saƙin ta koma cikin adaka. Da kaka ta wuce gawo ya fara fitar da ganye, na sake shafe mashi waɗanda muka babbake, na jera su a tsakar gida suka bushe. Na haɗa garwashi a kasko na kai bayan rumbu, na ɗauki tulu zan tafi ɗibar ruwa yadda aka saba, don in ba shi wuri.

Ya ce, "Aje tulun."

Na ajiye. Na ɗauka yau ce ranar da zai nuna mani haɗin.

Ya ce, "Kwashe su ka rataya haka nan."

"Baba, ba a yi masu turare ba."

Ya dubi garwashin ya ce, "Tun ina saurayi nike jiran ranar da garin ga zai yarda turarena shina aiki. Sun yarda, Iro. Har tsorona sunka ji. Sai ka zo da hwarantin matarka."

"Baba, da sun sauke amyoyin. Mi za ku ci, kai da Inna?"

"Na sani," in ji shi. "Na gode. Tahi ka rataya."

Na kwashe su na kai bakin tafki na rataya haka nan, ba hayaƙi ba ƙamshi, sai warin kashin shanu. Ina ɗaurewa ina roƙon Allah a raina kada ƙuda ko ɗaya ya kusance su, in koma in ce mashi ka gani, sai da turarenka. Kafin gawo ya gama fure duk sun cika. Ban taɓa yin baƙin cikin ganin amya cike ba sai a wannan shekarar. Ban gaya mashi ba, shi ma bai tambaya ba, amma da na kai mashi zumar farko ya ɗaga ƙwaryar ya ji nauyinta, ya miƙa wa Inna ya shige ɗaki.